Likitan da Aikinsa Ke Farawa Bayan An Ce "A Koma Gida"



Akwai wata magana da kusan kowane gida a ƙasar Hausa ya taɓa ji a harabar asibiti. Likita zai ja babban ɗa ko mijin majinyaciya gefe, ya rage murya, ya ce an yi iya abin da za a iya, a koma gida a ci gaba da addu'a. Sai a naɗe tabarma, a haɗa kwanuka da fulas, a nemi motar shata. Abin da ke biyo baya ne ba a cika ba da labarinsa ba: makonni ko watanni na kwana zaune, maƙwabta na jiyo nishin mutum ta bayan katanga, 'ya'ya sun kewaye shi da mafici da ruwan tofi, kuma babu wanda ya san lambar da zai kira. Laccar yau a kan likitan da aikinsa ke farawa daga wannan gaɓa take, musamman wanda aka ɗora wa yanki guda, garuruwa da ƙauyuka masu nisa da babban asibiti.

Likitoci na kiran fannin faliyatif. A nan za a kira shi jinyar sassauci, wato kula da wanda cutarsa ta yi nisa ko ba a sa ran warkewarta, don a rage masa raɗaɗi da sarƙewar numfashi da amai da fargaba, a kuma tallafi masu jinyarsa. Ciwon daji ne kan gaba, amma akwai ƙoda da hanta da zuciya da suka gaza, akwai shanyewar ɓarin jiki, akwai ƙanjamau, akwai yaran da aka haifa da larura mai nauyi.

Fannin ba tsoho ba ne. Wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita a 1957, ita ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. Abu biyu ta tsaya a kai. Maganin ciwo a ba da shi bisa agogo, kada a jira sai majinyaci ya yi kuka. Ciwo kuma ba a jiki kaɗai yake ba, damuwar iyali da bashi da tsoron mutuwa duk suna ƙara masa nauyi. Sai a 1987 Birtaniya ta amince da shi a matsayin fannin ƙwarewa mai zaman kansa, sai kuma 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi kowace ƙasa ta sa shi cikin tsarin lafiyarta. A lissafin hukumar, mutum miliyan 56.8 ke buƙatar wannan kulawa duk shekara, kuma kimanin kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu.

Rabon maganin ciwo ma abin a riƙe baki ne. Kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa daga cikin tan 298.5 na magungunan kashe raɗaɗi dangin mofin da ake rabawa a duniya a shekara, abin da ke isa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi bai wuce kilo 100 ba.

Wanda ke son ganin yadda ake wannan aiki a karkarar Afirka, Yuganda zai duba. Dakta Anne Merriman, haifaffiyar Liverpool a 1935, ta yi kusan shekara goma tana aikin likita a kudu maso gabashin Najeriya kafin rayuwa ta kai ta Singafo. A can ne ta saba da haɗa mofin na sha daga gari: garin mofin, ruwa, ɗan abin hana lalacewa, da launi irin na abinci. Ta riƙe gidan jinya na Nairobi daga 1990, sannan a 1993 ta isa Kampala ta kafa Hospice Africa Uganda. Sharaɗin da ta gindaya kafin ta fara shi ne gwamnati ta yarda a shigo da garin mofin, ministan lafiya na lokacin, Dakta James Makumbi, kuwa ya amince. A farkon lamari a wajen wanke-wanke na kicin ake haɗa maganin, a ɗura shi a gorunan ruwan roba da aka wanke. Kore shi ne mai sauƙi, ja mai ƙarfi, yadda ko wanda bai yi boko ba zai bambance su.

Abin da ya sa labarin Yuganda ya shafi batun yau shi ne matakin da suka ɗauka daga baya. A 1998 suka buɗe rassa a Mbarara da Hoima, garuruwa masu tafiyar sa'o'i daga Kampala. Nan take lissafi ya ƙi fita. Doka ta ce likita kaɗai ke rubuta mofin, likitoci kuwa suna birni, majinyata suna ƙauye. Merriman da Dakta Jack Jagwe da abokan aikinsu suka yi ta sintiri a ma'aikatar lafiya, har a 2004 Yuganda ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta ba nas-nas da jami'an lafiya da suka yi horo na musamman na wata tara izinin rubuta mofin. Yau gwamnati ke biyan kuɗinsa, majinyaci kyauta yake karɓa. Merriman ta rasu a Kampala a watan Mayun 2025 tana da shekara 90.

Abin lura a nan: ƙwararriyar likita ce, amma babban aikin da ta yi shi ne rage dogaro da likita. Duk wanda aka ba yanki guda ya riƙe, a nan ake gane ƙwarewarsa. Majinyacin da ya gani ranar Talata da rana, ciwonsa zai tashi ne daren Juma'a ƙarfe biyu, lokacin likita na barci a gari mai nisan kilomita ɗari. Abin da zai faru a ɗakin nan a wannan sa'a ya danganta ne da abin da likitan ya koya wa nas ɗin ƙaramin asibitin garin, da abin da nas ɗin ta koya wa 'yar majinyacin, da ko akwai magani a kwalba.

A ɗauko wannan tsari a sauke shi a wani ƙauye na Arewa, don a ga aikin kusa da kusa. Mota ta taso da sassafe da likita da nas da direba da akwatin magani mai kwaɗo. Gida na uku da za su shiga na wata dattijuwa ce mai ciwon daji a nono, ya fashe ya zama gyambo. An mayar da ita ɗakin ƙurya, an turara turaren wuta, amma warin ya fi ƙarfinsa. Jikoki sun daina shiga. Masu zuwa dubiya daga bakin ƙofa suke gaisuwa su juya.

Likita ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma daidai kanta.

"Sannu Inna. Ya jikin?"

"Da sauƙi, likita. Alhamdu lillahi."

Wanda bai san Bahaushe ba, sai ya rubuta a kati cewa ciwo ya lafa. Amma "da sauƙi" gaisuwa ce, mai shaƙuwar ajali ma ita zai faɗa. Ga kunya, ga dauriya, ga gudun kada a ce ta kasa haƙuri da ƙaddara. Saboda haka likita sai ya biyo ta bayan gida. Yaushe rabon ki da barci har asuba? Sallah a zaune kike yi ko a kwance? Da aka kawo kunu jiya, ludayi nawa kika sha? Sai ya ɗaga hannunsa ya ce idan dunƙulen hannu babu ciwo ke nan, yatsu biyar kuma ciwon da ba ta taɓa jin irinsa ba, ta nuna masa na daren jiya. Sai dattijuwa ta kalli ƙofa, ta ga ɗanta ya fita, ta buɗe yatsu biyar.

Nas ta wanke gyambon da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri, ta daka ƙwayoyin Flagyl ta barbaɗa a kai. Ƙwayoyin cutar da ke rayuwa inda iska ba ta shiga su ke kawo warin, wannan maganin kuwa su yake kashewa, cikin 'yan kwanaki sai ɗaki ya shigu. Maganin da kowane kemis ke sayarwa ne, amma shi zai dawo wa Inna da jikokinta.

Sai mofin. Ana zuƙo shi da sirinji marar allura a zuba a baki, duk bayan awa huɗu, kuma a nan mutanenmu sun yi sa'a, domin lokutan sun kusa dacewa da yadda yini yake a wurinsu: asuba, hantsi, azahar, magariba, sannan a ninka awon lokacin kwanciya don kada a tashe ta cikin dare. Wadda ake koya wa ita ce wadda ke kwana a ɗakin, sau da yawa 'ya ko suruka ko kishiya, ba Alhajin da ya biya kuɗin mota ba. Za a sa ta zuƙo da hannunta sau biyu a gaban nas. Za a gaya mata cewa Inna za ta yi gyangyaɗi kwana biyu ko uku na farko, kada a tsorata, zai wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka tare da maganin sassauta ciki ake ba da shi tun ranar farko. A Yuganda busassun 'ya'yan gwanda suke dakawa a zuba a kunu, kuma yana aiki.

A zaure kuma wani aikin na jira. Babban ɗa ya tare likita: "Likita, don Allah kada ka gaya mata. In ta ji, shi ke nan, za ta karaya." Ƙauna ce ta sa shi faɗin haka, likitan da ya san aikinsa ba zai yi masa gatsali ba. Amma ya san abin da ɓoyon ke jawowa. Akwai adashin da Inna ke riƙe wa matan unguwa. Akwai 'yarta da ke aure a Agadas, wadda ake ta ce wa jiki da sauƙi, ba sai ta zo ba. Akwai ƙanwar da suka yi shekara shida ba sa ga maciji. Ga kuma gonar gado da ake shirin sayarwa a kai ta Masar ko Indiya, tafiyar da likita ya san ba za ta ƙara mata komai ba sai wahalar jirgi, ta bar marayu babu gona. Abin da yakan yi shi ne ya nemi izinin ɗan su koma tare, ya tambayi dattijuwar ita me ta fahimta game da ciwon nan, kuma me take son ta sani. Sau da yawa amsar kan ba 'ya'yan mamaki. Ta daɗe da sani, ita ma ɓoye musu take yi don kada hankalinsu ya tashi.

Rana kuwa ba ya yankewa. Ajali na Allah ne, kuma likitocin da suka fi daɗewa a fannin su suka fi sanin yawan kuskurensu a hasashe. Iyakarsa ya ce, bisa abin da yake gani, wanda ke nesa ya kamata ya taho cikin makon nan.

Tofi da rubutu ba ya faɗa da su, limamin unguwa ma abokin aikinsa ne. Inda yake ja shi ne sakiya da garin magani mai cin nama da ake turawa a gyambo. Haka kuma camfin nan da ke cewa daji ba ya son allura, wanda ya sa mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. A 2020 an ƙiyasta sababbin masu ciwon daji a Najeriya kusan 125,000, waɗanda ya kashe kuma kusan 79,000, mafi yawansu a makare suka zo.

Akwai zargin da ke bin wannan likita duk inda ya je, gara a faɗe shi a fili: wai mofin allurar ƙarasawa ce, wanda aka fara ba shi ya kusa. Asalin zargin a asibiti yake. Da yake ana jin tsoron maganin, ba a fito da shi sai mutum na gargara, ya rasu washegari, dangi su ce shi ne. Mofin da aka fara da ƙaramin awo, ana ƙarawa daidai da ciwo, mutum kan yi watanni a kansa yana cin abinci, yana zuwa masallaci. Wani bincike da aka yi a babban asibitin Massachusetts na Amurka, aka buga a 2010, ya bi mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu. Waɗanda aka haɗa da likitocin sassauci tun farko sun fi samun natsuwa, damuwarsu ta fi sauƙi, kuma a tsakaice sun rayu wata 11.6, sauran kuma wata 8.9. Jinyar sassauci ba ta gaggauta mutuwa, ba ta kuma da alaƙa da kashe majinyaci don tausayi da wasu ƙasashen Turai suka halatta.

Tsoro na biyu ya fi wuyar kawarwa a Arewa, domin yana da dalili. Kowa ya ga abin da kodin da tiramol suka yi wa matasa da matan aure. A watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Mai harhaɗa magani da ya ga haka, in aka ce ya ajiye mofin a kantarsa, sai ya ga kamar an ce ya ajiye maciji. Indiya ta taka wannan sawun. Ƙasa ce da ke noman tsiron da ake samun mofin daga gare shi, har tana sayar wa duniya, amma bayan tsattsaurar dokar miyagun ƙwayoyi ta 1985, mofin da asibitocinta ke amfani da shi ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari a shekara goma sha biyu, domin lasisi ya yi yawa, hukuncin kuskure ya yi tsanani. Sai a 2014 aka gyara dokar. Shi ya sa rabin aikin ƙwararren likitan yanki a ofis yake: littafin shiga da fitar kowace kwalba, sa hannu biyu, akwati mai makulli, zama da jami'an NAFDAC da NDLEA, da karɓo ragowar magani daga gidan da aka yi rasuwa. Aiki ne mai gundura, amma ranar da littafin nan ya ƙi daidaita, ƙauyuka hamsin za su rasa magani.

Tunda an taɓo Indiya, jihar Kerala ta cancanci a tsaya a kanta kaɗan. A 1993 Dakta M. R. Rajagopal, likitan sa barci a asibitin koyarwa na Calicut, da Dakta Suresh Kumar suka buɗe ɗan ƙaramin ɗakin duba masu raɗaɗi. Ba a jima ba suka gane cewa wanda ya fi buƙatarsu ba zai iya hawa mota ya zo ba. A 2001 aka fara tsarin maƙwabta a gundumar Malappuram, inda Musulmi suka fi yawa. Malaman makaranta da 'yan kasuwa da ɗalibai da direbobi ake ba horo na 'yan kwanaki, su gano majinyatan unguwarsu, su riƙa leƙa su, su tara kuɗi da ƙananan gudummawa, nas da likita kuma su zo bisa jadawali. A 2008 Kerala ta zama jiha ta farko a Indiya mai manufar gwamnati a kan jinyar sassauci. Mai wannan lacca na ganin babu abin da aka yi a Malappuram da ya gagari garin da ke da 'yan agaji da kwamitin masallaci da ƙungiyoyin matan Islamiyya, garin da dubiya ta riga ta zama al'ada. Abin da ya rage shi ne a koya wa mai zuwa dubiya yadda ake juya majinyaci duk awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ya kuma san wanda zai kira.

Najeriya ba daga sifili za ta fara ba. Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun kafa sashen jinyar sassauci a asibitin koyarwa na Ibadan a 2007, shekarar da aka kafa ƙungiyar ma'aikatan fannin ta ƙasa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da nasa sashen, kuma ma'aikata da dama daga Najeriya sun je Kampala sun yi horo. A 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da tallafin ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka, ta shigo da garin mofin don a riƙa haɗa na sha a manyan asibitoci. Matsalar ita ce kusan duk wannan a manyan asibitocin ya tsaya. Majinyacin da aka sallama daga Shika ko Sakkwato ya koma ƙauyensa a Zamfara ko Kabi ko ƙetaren iyaka wajen Ƙonni, in kwalbarsa ta ƙare, sai wani ya yini a hanya, wata hanyar ma yanzu ba ta biyuwa. A irin wannan hali waya ce asibitin. Hoton gyambo ta WhatsApp, kiran bidiyo da ma'aikacin lafiya na ƙauye, likita na sauraron numfashin mutum ta lasifika yana faɗin abin da za a ƙara da abin da za a daina.

Shi kansa likitan fa? Fanni ne da ɗalibai ba sa rububinsa. Babu tiyatar da za a yi a tafa, babu asibitin kuɗi da za a buɗe da yamma, kuma kusan duk wanda ya duba zai je masa ta'aziyya. A yanki mai nisa sau da yawa shi kaɗai ne mai wannan ƙwarewa, babu na biyu da zai tambaya, babu mai karɓarsa in ya tafi hutu. A garin da kowa ya san kowa, majinyaciyar yau uwar direbansa ce, na gobe malamin da ya koyar da shi a firamare. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka daɗe a aikin suke ware zama na mako-mako, ma'aikata su ambaci waɗanda suka rasu, su faɗi abin da ya tsaya musu a rai. Likitan da ya raina wannan zama ba ya daɗewa a fannin.

Abin da ke riƙe su kuwa ƙanana ne a ido. Mota ta dawo ƙauyen nan bayan mako biyu, an tarar da Inna a tsakar gida a kan tabarma, jika na kwance a cinyarta, 'yar Agadas ta iso tana tankaɗe. Ciwon yana nan, yana ma ci gaba. Amma ta yi barci, ta raba kuɗin adashi, ƙanwar nan ma ta zo sun yafi juna.

Kira na ƙarshe ga kowa a zauren nan. Shugabannin asibitocin jiha su tura ko nas biyu da mai harhaɗa magani ɗaya su yi wannan horo, su kuma nemi izinin ajiye mofin na sha. Ku kuma jama'a, duk ranar da aka ja ɗayanku gefe aka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, ya amsa da to, za a yi addu'a, amma kada ya naɗe tabarmar nan sai an rubuta masa maganin ciwo, an nuna masa yadda ake ba da shi, an kuma ba shi lambar da zai kira da tsakar dare.